Me Ya Hana Rana Ƙonewa Ƙurmus? Tambayoyi da Amsoshi Kan Karo da Haɗewar Cibiyoyin Zarra Marasa Nauyi

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a cikin garin Bauchi. Tun da aka ji a rediyo, a ƙarshen 2022, cewa masana a Amurka sun haɗa ƙwayoyin zarra har sun samu makamashin da ya fi wanda suka zuba, kunnena bai huta ba. Ɗalibai su tare ni a aji, abokan hira su tare ni a teburin mai shayi a Wunti, in je gida gaisuwa kawuna mai gyaran janareta shi ma ya ajiye sifana ya dasa tasa. Na ga gara in tattara tambayoyin wuri guda. Wasu na amsa su a taƙaice, wasu kuma bakina ya ƙi rufuwa. A yi mini uzuri, halin malamin makaranta ne.

Malam, mece ce cibiyar zarra, kuma wacce ce mara nauyi?

A ce an hura ƙwayar zarrar haidirojin ta kai girman filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa. Cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar gero guda ba, a ajiye a tsakiyar fili inda ake take ƙwallo. Amma fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na nauyin zarrar yana cikin wannan geron. Ragowar filin ilektiron ne kaɗai, wata 'yar ƙwaya mai cajin lantarki negetif, ke yawo a cikinsa.

Abu biyu ne a cikin cibiya: firoton, mai cajin lantarki fozitif, da niyutiron, wanda ba shi da caji. Haidirojin firoton ɗaya ne tal. A ƙara masa niyutiron ɗaya ya zama diyuteriyam, a ƙara biyu ya zama tiritiyam. Hiliyam firoton biyu ne, da niyutiron ɗaya ko biyu, shi ya sa ake cewa hiliyam-3 da hiliyam-4. Sai litiyam, beriliyam, boron, kabon. Waɗannan su ne marasa nauyi. Yuraniyam kuwa firoton 92 gare shi, kuma shi tsaga shi ake yi a samu makamashi. Namu ƙananan haɗa su ake yi.

Idan an ce ƙaramin ƙarfi, kamar nawa ke nan?

Mudun da ake awo da shi sunansa ilektiron-bolt, ana rubuta shi eV: ƙarfin da ilektiron ɗaya ke samu idan batir mai bolt ɗaya ya ingiza shi. Dubunsa keV, miliyan ɗinsa MeV. Ƙwayar kabon ɗaya ta gawayi idan ta ƙone, kimanin eV 4 take bayarwa. Fagen da muke magana a kai ya taso daga keV ɗaya zuwa 'yan MeV kaɗan. Babbar na'urar cibiyar bincike ta CERN da ke iyakar Siwizalan da Faransa tana cilla firoton da ƙarfin eV tiriliyan 6.8, to kusa da wannan dole namu a kira shi ƙarami.

Kada sunan ya ruɗe ka dai. Kafin ƙwayoyin iska su riƙa kai-komo da ƙarfin keV ɗaya, sai zafinta ya haura digiri miliyan 11.

Me ke faruwa idan cibiya biyu suka nufi juna?

Galibi ba komai. Su kusanci juna, su bauɗe, kowa ya kama gabansa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dalili kuwa, dukansu fozitif ne, kuma caji iri ɗaya ture juna yake yi, kamar yadda baki iri ɗaya na maganaɗisu biyu ke ƙin haɗuwa. Duk lokacin da tazarar ta ragu da rabi, turin ya ninka sau huɗu. Ni a aji ganuwa nake kiran wannan turi, don 'yan Bauchi sun san ganuwa. Bambancin kawai, tamu tana da Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da sauransu, wannan kuwa ba ta da ƙofa ko ɗaya. Tsayinta ga cibiyoyin haidirojin ɗaruruwan keV ne.

A bayan ganuwar akwai wani ƙarfin daban, wanda ke ɗaure firoton da niyutiron a cikin cibiya. Ya fi na lantarki nesa ba kusa ba, sai dai gajeren hannu gare shi. Kamar ƙaro yake, sai an taɓa yake kamawa. Wanda ya samu ya isa gare shi, to ko dai cibiyoyin su yi musayar firoton ko niyutiron su rabu, ko su dunƙule su zama sabuwar cibiya. Wannan dunƙulewar ce haɗewa. Sabuwar cibiyar ba ta kai nauyin biyun da suka haife ta ba, kuma gibin shi ne ke fita a matsayin makamashi, bisa lissafin Einstein.

To idan bauɗewa kawai suke yi, mene ne amfanin nazarinta?

Ai da ita aka gano cibiyar ma tun farko. A ce an rufe ka a ɗaki mai duhu, an ce akwai wani abu a tsakiya, ba a yarda ka taɓa shi ba, amma an ba ka kwanon tsakuwa. In ka yi ta jifa kana lura da inda kowace tsakuwa ta faɗa, a hankali za ka gane tulu ne ko buhun auduga, babba ne ko ƙarami.

Abin da Hans Geiger da Ernest Marsden suka yi ke nan a Manchester a 1909, ƙarƙashin Ernest Rutherford. Suna harba cibiyoyin hiliyam, waɗanda ake kira alfa, kan fallen zinariya siriri, suna zaune cikin duhu suna ƙirga ɗan walƙiyar da kowace ke yi a kan allo, da ido, ta madubin ƙara girma. Kusan duka suka wuce fit. Amma ɗaya cikin dubbai sai ta dawo baya. Rutherford ya yi ta juya abin a ransa har 1911, sannan ya fito da bayanin cewa nauyi da cajin zarra a cure suke a wani ɗigo a tsakiya, ya kuma kawo lissafin adadin da ya kamata su bauɗe ta kowace kusurwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da lissafin ya gaza. A 1921 James Chadwick da Étienne Bieler suka harba alfa kan haidirojin, inda ganuwa gajera ce, ana iya matsawa kusa sosai. Ƙirgar ta saɓa wa lissafin Rutherford. Wannan saɓanin shi ne alamar farko cewa akwai wani ƙarfi a can ciki wanda ba na lantarki ba. Har yau haka ake yi: a lissafa bauɗewar da turin lantarki zalla zai haifar, a auna ta zahiri, abin da ya yi saura shi ne sawun ƙarfin cibiya. Daga sawun nan ake gane girman cibiya da matakan ƙarfin da ke cikinta, kuma da su ake hasashen yadda haɗewa za ta kasance.

An ce zafin tsakiyar rana digiri miliyan 15 ne. Ya isa a haure ganuwar?

Bai isa ba, ko kusa. A wannan zafi matsakaicin firoton bai wuce keV ɗaya da 'yan kai ba, ganuwa kuwa ɗaruruwa. Gaskiya ne wasu sun fi wasu gudu, amma in aka bi lissafin da, a duk faɗin rana ba za a samu firoton ko ɗaya mai ƙarfin haurewa ba. Arthur Eddington ya faɗa tun 1920 cewa rana haidirojin take mayarwa hiliyam, bayan Francis Aston ya auna ya ga hiliyam ɗaya bai kai nauyin haidirojin huɗu ba. Sai dai a lokacin babu wanda ya san ta inda ake shiga.

Amsar ta zo daga ilimin kwantam, wato ilimin ɗabi'ar ƙananan ƙwayoyi irin waɗannan. A wannan ƙanƙanta, firoton ba tsakuwa ba ce zalla, yana da ɗabi'ar taguwa, irin ta ruwa ko ta sauti. Taguwa kuwa in ta daki katanga ba ta yankewa nan take, raguwa take yi a cikinta. Ka tuna kiɗan biki a gidan maƙwabta: ba ƙofa tsakaninku, amma kana jin ɗan amo, kuma gwargwadon kaurin katanga gwargwadon raunin amon. Misalin bai cika ba, domin firoton ba ya ratsawa rabi da rabi. Ko dai ya ɓulla ciki gaba ɗayansa, ko ya koma gaba ɗayansa, raunin taguwar kawai yana nuna sau nawa cikin nawa ne zai ɓulla. George Gamow ne ya yi wannan lissafi a 1928 don bayyana yadda alfa ke fitowa daga cikin cibiya mai nauyi. Shekara guda bayan haka Robert Atkinson da Fritz Houtermans suka ce hanyar da aka fita ai ana iya shiga ta nan, suka ɗora lissafin a kan taurari.

Akwai wani abu a nan da ɗalibai ke yawan tuntuɓe da shi. Masu ratsawa ba su ne matsakaita ba, ba kuma su ne mafiya gudu ba. Je ka kasuwar raguna ana jibi layya. Masu ƙaramin ƙarfi sun cika kasuwa, amma kuɗinsu bai kai ba. Attajiran da ke saye ba tayi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Yawancin cinikin a hannun na tsakiya yake faɗawa, waɗanda aljihunsu ya ɗan yi nauyi kuma suna da ɗan yawa. Haka abin yake a cikin tauraro, kuma wannan ɗan tsakanin shi ake kira tagar Gamow. Ga firoton biyu a cikin rana, tagar tana wajen keV 6.

To me ya hana rana tashi lokaci guda kamar bam?

Matakin farko ne ke da nawa, nawar da ba a taɓa ganin irinta ba. Firoton biyu ko sun ratsa sun haɗu ba sa zama tare, nan take suke rabuwa. Sai in a daidai wannan ƙiftawar ɗayansu ya rikiɗe ya zama niyutiron, sannan a samu diyuteriyam. Rikiɗewar aikin wani ƙarfi ne na uku da ake kira mai rauni, kuma sunan ya dace da shi. Firoton a tsakiyar rana yakan jira shekara biliyan tara, a matsakaici, kafin rabonsa ya tsaga. Saboda tsabar ƙarancinsa, har yau ba a taɓa auna wannan haɗewar a ɗakin gwaji ba, lissafa ta ake yi.

Da zarar an samu diyuteriyam, cikin daƙiƙoƙi ya cafke wani firoton ya zama hiliyam-3. Daga nan galibi hiliyam-3 biyu su haɗu su ba da hiliyam-4 da firoton biyu. Jimilla firoton huɗu sun zama hiliyam ɗaya, an samu MeV 26.7, kashi 0.7 cikin ɗari na nauyin ya tafi. Hans Bethe ne ya aza harsashin fahimtar waɗannan matakai a 1938 da 1939, aka ba shi kyautar Nobel a 1967.

Rana tana cin haidirojin kusan tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa, kimanin tan miliyan 4 daga ciki su zama haske da zafi. Adadin na da ban tsoro, amma ka raba shi da girmanta. A tsakiyarta, inda wutar ta fi ci, wuri mai girman tankin ruwa na lita dubu bai kai ya ba da wat 300 ba. Ƙwan lantarki uku irin na da ke nan. Jikinka, gwargwadon girmansa, ya fi tsakiyar rana fitar da zafi. Duk lokacin da na faɗi haka a aji sai an yi mini kallon wanda ya sha wani abu. Girma ne kawai ya tara mata, kuma wannan nawar ce ta sa ta shekara biliyan 4.6 tana ci ba ta cinye ba. Ga kuma wani birki: in tsakiyar ta ɗara zafi sai ta kumbura, in ta kumbura sai ta huce, haɗewar ta ragu.

Wa ya je can ya gani?

Wannan tambayar wani dattijo ce a majalisarmu, kuma ba ta raini ba ce. Baba, ba wanda ya je, amma saƙo yana zuwa. Duk lokacin da firoton ya rikiɗe, yana sakin wata ƙwaya mai suna niyutirino, wadda ke ratsa rana da ƙasa kamar ba komai a gabanta. Na'urar Borexino a Italiya ta kama na matakin farko a 2014, a 2020 kuma ta kama na wata hanyar haɗewa ta biyu, wadda kabon da naitirojin da oksijin ke shiga tsakani, mai ba da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na hasken rana.

Sauran matakan kuwa a ƙasa ake gwada su, kuma a nan wahalar sana'ar take. Masana suna auna yiwuwar haɗewa da abin da za mu kira faɗin abin hari: in ka harba, yaya girman abin da za ka sama? Mudunsa ana kiransa ban (barn a Turance), kuma ban ɗaya ya kai kusan faɗin fuskar cibiyar yuraniyam. Yayin da kake rage ƙarfin harbi don ka sauko tagar Gamow, faɗin nan ba raguwa yake yi sannu a hankali ba, ruftawa yake yi. Ka kai inda za ka kwana kana harbi ba ka samu ko ɗaya ba, alhali ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya suna ta kaɗa na'urar ƙirgarka. Kamar mai son jin motsin kiyashi ne a tashar mota.

Dabarar farko ita ce a auna a sama inda ake iya ji, a cire kason ganuwa da lissafi tunda an san shi, abin da ya rage, wanda ake wa laƙabi da harafin S, ba ya sauyawa da sauri, sai a ja layinsa zuwa ƙasa. Jan layi zuwa inda ba ka taka ba kuwa kasada ce. Dabara ta biyu ita ce a gudu daga hayaniyar. A ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, da dutse mai kaurin kusan mita 1,400 a bisa kai, masu gwajin LUNA suka kafa 'yar na'ura mai bolt dubu 50. A ƙarshen shekarun 1990 suka auna haɗewar hiliyam-3 biyu har ƙasa zuwa keV 16.5, wato cikin tagar rana sosai. A can ƙasan, kusan haɗewa biyu suke gani a wata. Biyu, a wata guda. Duk mai cewa kimiyya aikin masu gaggawa ne, ya tuna da waɗannan bayin Allah.

Ko a nan ba a tsira ba. A ɗakin gwaji cibiyar da ake hari tana sanye da ilektiron ɗinta, su kuwa negetif ne, suna lulluɓe wani ɓangare na cajinta, sai ganuwar ta ɗan rusuna. Dole a cire wannan kafin a san ainihin adadin, kuma a gwaje-gwaje da dama rusunawar ta fi abin da lissafi ya ce. Har yanzu ana muhawara a kai.

Me ya sa kullum diyuteriyam da tiritiyam ake ambata?

Domin su ne ganuwarsu ta fi gajarta, firoton ɗaya-ɗaya, kuma ba sa jiran ƙarfi mai rauni tunda sun zo da niyutiron ɗinsu. Amma babban sirrin dacewa ce. Cibiya tana da matakan ƙarfi ƙayyadaddu. In biyun da suka yi karo suka zo da ƙarfin da ya yi daidai da wani mataki na cibiyar da za su haifa, sai yiwuwar haɗewa ta yi tsalle, kamar mai murɗa rediyo yana jin shuuu sai kwatsam ya kama tasha. Diyuteriyam da tiritiyam suna kama tashar hiliyam-5 a wajen keV 64, inda faɗin abin hari ke kai ban 5. A irin zafin da ake iya samarwa, sun fi diyuteriyam biyu saurin haɗewa kusan sau ɗari. Sakamakon shi ne hiliyam-4 mai MeV 3.5 da niyutiron mai MeV 14.1, jimilla 17.6.

Bari in ɗan ratse, don labarin ya yi mini daɗi. Hiliyam biyu in sun haɗu suna ba da beriliyam-8, wanda ke wargajewa cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan dubu goma na daƙiƙa. To ta yaya taurari suka tsallake wannan rami har suka yi kabon? A 1953 Fred Hoyle ya ce lallai akwai wata tasha a cikin kabon-12 da ba a gano ba, ya faɗi wajen da take. Masana a Caltech suka duba, suka same ta, a MeV 7.65. Kabon da ke cikin gawayi da masa da tsokar jikinmu ta wannan 'yar ƙofa ya biyo.

Kawu ya ce: tunda akwai na'urar harbi, a harba wannan kan wancan mana, a ja waya?

Kawu, an yi, tun kafin a haife ka. A 1932 John Cockcroft da Ernest Walton suka harba firoton kan litiyam a Cambridge suka samu hiliyam biyu. A 1934 Mark Oliphant da Paul Harteck da Rutherford suka harba diyuteriyam kan diyuteriyam, wanda shi ne karon farko da ɗan Adam ya haɗa irin waɗannan cibiyoyi da hannunsa. Haɗawar ba ita ce matsala ba. Cinikin ne ba riba.

Duba lissafin. Ka kashe keV 100 ka harba diyuteriyam ɗaya. In ya haɗe ka samu MeV 17.6, ninki 176. Wato kana bukatar aƙalla ɗaya cikin 176 ya samu shiga kafin ka mayar da uwar kuɗi. A zahiri da ƙyar ɗaya cikin dubun-dubata ke shiga. Sauran duk bauɗewa suke yi, suna gogar ilektiron, ƙarfinsu ya tsiyaye ya zama ɗumi. Janareta ne mai shan jarka ya ba ka wutar cokali.

Shi ya sa aka koma dafa man gaba ɗaya har ilektiron su saki cibiyoyi, ya zama abin da ake kira filasma. A cikin filasma bauɗewa ba asara ba ce, domin ƙarfin da wannan ya rasa maƙwabcinsa ne ya karɓa, kuɗin na yawo a cikin gida. Sai dai kowace cibiya za ta bauɗe sau ba adadi kafin ta dace, don haka dole a tsare su wuri guda, da zafi, da cunkoso, na isasshen lokaci. John Lawson ne ya tsara wannan sharaɗi a shekarun 1950. Rana nauyinta ke tsare mata. Mu sai dai maganaɗisu, a cikin na'ura mai siffar taya da Rashawa suka ƙirƙira mai suna tokamak, ko kuma matsi na farat ɗaya da hasken leza.

Na'urar harbin ba ta tashi a banza ba. Ana ƙera ta siririya a zura ta cikin rijiyar mai, niyutiron ɗinta su daki duwatsu, abin da ya dawo ya nuna mai ne ko ruwa a wurin. Duk yaronmu da ke burin aiki a rijiyoyi irin na Kolmani, a iyakarmu da Gombe, yana iya cin karo da ita.

To abin da aka yi a Amurka fa? An gama ke nan?

Ranar 5 ga Disamba 2022, a cibiyar NIF ta Kaliforniya, leza 192 suka matse ɗan ƙwanso mai girman ƙwayar masoro. Hasken da ya shiga megajul 2.05, abin da haɗewa ta bayar 3.15. A kimiyyance babbar nasara ce, ban rage mata komai ba. Amma kunna lezar ya ci wutar kusan megajul 300, kuma 3.15 ɗin bai cika yunit ɗaya na mitar gidanka ba, wanda yake 3.6.

Tokamak ɗin JET a Ingila ya ba da megajul 69 cikin 'yan daƙiƙoƙi a ƙarshen 2023, da man da bai wuce miligiram 0.2 ba. Kimanin yunit 19 ke nan, kuma shi ma ya ci fiye da abin da ya bayar. Tashar Dadin Kowa mai megawat 40, in tana aiki sosai, ba ta cika daƙiƙa biyu za ta ba da haka. ITER, babbar tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa, burinta ta zuba megawat 50 ta samu 500, a zafin digiri miliyan 150, ba kuma za ta sayar wa kowa wuta ba. Jadawalin 2024 ya kai fara aikinta da tiritiyam zuwa 2039. Wanda ke da kuɗin sola ya saya, kada ya jira.

Na ga bidiyon wani da ya haɗa zarra a cikin kwalba ba zafi. Gaskiya ne?

A'a. A Maris 1989 Martin Fleischmann da Stanley Pons suka yi shelar irin wannan a Jami'ar Utah, da ƙarfen faladiyam da ruwa mai diyuteriyam. Manyan ɗakunan gwaji suka maimaita ba su samu ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa mai bidiyo: ina niyutiron? In da gaske kwalbarsa na ba da zafin da yake faɗa ta haɗewar diyuteriyam, niyutiron ɗin da za su fito sun isa su kwantar da shi.

Akwai dai haɗewa cikin sanyi ta gaskiya. Miyuwon ƙwaya ce kamar ilektiron amma ta fi shi nauyi sau 207. In ta maye gurbinsa sai ta jawo cibiyoyi biyu kurkusa har su ratsa. Luis Alvarez ya ga haka a 1956 cikin haidirojin mai sanyin da ya zama ruwa. Sai dai miyuwon cikin kimanin kashi biyu cikin miliyan na daƙiƙa take mutuwa, kuma haɗewa kusan 150 da aka samu daga kowace ɗaya ba ta biyan kuɗin ƙera ta.

Ba haɗari? Ba shi ne bam ba?

Bam ɗin haidirojin, wanda Amurka ta fara gwadawa a 1952, da haɗewa yake aiki, amma sai an tayar da bam na tsagewa a cikinsa ya zama ashana. Tsoron mutanenmu yana da asali: Faransa ta fara gwajin bam a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, har gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadanta a Janairun 1961. Waɗancan na tsagewa ne.

Tokamak ba ya tashi haka. Man da ke ciki a lokaci guda 'yan giram ne, kuma da an samu tangarɗa filasma ke hucewa, wutar ta mutu. Haɗarinsa na gaske biyu ne: niyutiron suna lalata bangon na'urar su mayar da ƙarfensa mai fitar da tururin nukiliya, sannan tiritiyam kansa yana fitarwa, ga shi da saurin sulalewa.

Ina za a samo man?

Diyuteriyam yana cikin kowane ruwa, kusan ɗaya cikin haidirojin 6,400. Jarka mai lita 25 ta ruwan dam ɗin Gubi tana ɗauke da kimanin giram 0.8, wanda in an haɗa shi da tiritiyam zai ba da zafin fetur wajen lita dubu ashirin. Tiritiyam ne jidali. Duk shekara 12.3 rabinsa ke rikiɗewa, don haka ba a haƙo shi. Ɗan abin da ake da shi yawanci daga tashoshin nukiliya irin na Kanada yake fitowa. Shirin shi ne a kewaye na'urar da litiyam, irin wanda ake haƙa a Nasarawa, niyutiron ya dake shi ya haifi sabon tiritiyam. Ba a taɓa gwada wannan a girman tashar wuta ba.

Malam, ni ina son in karanci wannan. Ta ina zan fara?

'Yata, ki fara da digirin fiziks. Akwai shi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) nan gida, akwai a Jami'ar Jihar Gombe. Ki riƙe lissafi da kyau, ki koyi rubuta manhajar kwamfuta, don rabin aikin a kan allo ake yin sa. Bayan nan akwai cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, mai ƙaramin injin nukiliya na bincike mai kilowat 30 da ya fara aiki a 2004, kodayake na tsagewa ne. A cibiyar CERD ta Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife kuma akwai na'urar harbi mai bolt miliyan 1.7, inda ake amfani da bauɗewa irin ta Rutherford a gane sinadaran da ke cikin abu.

Kafin nan ga aikin gida. Tsayin ganuwa a MeV shi ne 1.44, sau yawan firoton na cibiya ta farko, sau na ta biyu, a raba da tazarar da ke tsakaninsu a femtomita, wato mita ɗaya an kasa ta tiriliyan dubu. Ki sa tazara 4 ga diyuteriyam da tiritiyam, za ki samu 0.36. Sai ki gwada kabon biyu, firoton shida-shida, tazara 7. In kin samu amsar, ki kawo mini ita ranar Litinin tare da bayanin dalilin da ya sa sai taurarin da suka ninka rana nauyi sau da yawa ne ke iya ƙona kabon.